Hanyar Sama Zuwa Ikko

A daminar shekarar da aka soke zaɓe, jihar Kebbi ba ta cika shekara biyu da kafuwa ba, manyan motocin da ke kai albasar Aliero kudu suka fara dawowa da mutane maimakon goro da manja. Ikko ta rikice. Ana ƙone-ƙone a tituna, kasuwanni a rufe, kowa yana neman hanyar garinsu. Kullum sai an sauke mutane a bakin titin Aliero da katifu da tukwane, amma Malam Ya'ƙub ba ya cikinsu.

Matarsa Barakatu doguwar mace ce mai ƙashi, 'yar Giwa Tazo ta ƙasar Maiyama. Ta fi shekara ashirin a gidan, ta aurar da 'ya har ta ɗauki jika, kuma ba a taɓa jin muryarta a zaure ba. Gidan na gandu ne. Wan mijinta, Alhaji Ummaru, shi ke yanke magana, Ya'ƙub kuma shi ke bin kaya zuwa kudu. Wannan karon ya tafi da albasar da suka adana tun rani, don da damina take daraja.

Wata rana da hantsi Ɗanasabe direba ya yi sallama. Barakatu tana shanya tsaki kusa da zaure, sai ta ji ya ambaci sunan mijinta. Ta tsaya da faifai a hannu.

"Alhaji, ƙafar Malam ta karye," in ji Ɗanasabe. "Ranar da munka taso, mutane sunka yi wa motar ca, kowa shina son hawa. Anka turo shi daga bisa ya faɗo. Ƙasa da gwiwa ne, ƙashin har ya huda fata."

"Innalillahi. To ina shi?"

"Mun ɗaure ƙafar da katako, munka kwantar da shi bisa buhuna. Ba mu fita kasuwa ba ya suma, don ko wane rami munka faɗa sai ya yi ƙara. Na ce wallahi in na ɗauko shi haka, gawa zan kawo muku. Munka sauke shi rumfar Baba Tamu dillali, shi ya ce Malam ba inda za shi."

Alhaji Ummaru ya ce, "Allah shi ba shi lafiya. Sai mu jira gari shi kwanta, sannan a aika."

Barakatu ba ta san lokacin da ta ajiye faifan ba. Ta ja gyale, ta ɗaga labulen zauren ta shiga. Ɗanasabe ya sunkuyar da kai.

"Alhaji, yaushe garin zai kwanta?"

Ya dube ta da mamaki. "Wanga sanin sai Allah. Koma ciki."

"Ciwon da ƙashi ya fito ba shi jiran gari. Damina ce, kuma cikin kasuwa yake kwance."

"To mi kike so in yi? Kin ga mota guda da ta juya kai kudu? Ko an samu, kwana biyu ne zuwa, kwana biyu dawowa, in hanya ta yi kyau. Kin ji da kunnenki ba shi iya zama mota. Ƙanena ne, uwa ɗaya uba ɗaya. Kin fi ni son shi?"

Ta san yana son ƙanensa, ta kuma san shi mutum ne da in abu ya fi ƙarfinsa sai ya zauna ya kira shi haƙuri. Ta koma ciki ta ƙarasa aikinta. Washegari da sassafe ta ce wa matan gidan za ta Jega.

A tashar Jega ta ga abin da Alhaji ya faɗa da idonta. Duk wata babbar mota da ke wurin daga kudu ta fito, jikinta duk laka, wata ma ba gilashi. Ta tambayi direba uku ko akwai mai komawa. Na farko ya yi dariya, na biyu ya ce ko man da zai kai shi Yawuri babu, na uku ya tambaye ta ko lafiyarta ƙalau.

Daga nan ta wuce gidan Hajiya Salima. Tare suka yi tallar gyaɗa a Giwa Tazo suna yara. Yanzu Salima bazawara ce mai rumfar atamfa da leshi a kasuwar Jega, kuma da kanta take zuwa Ikko saro kaya. Barakatu ta zayyana mata komai, ba ta yi kuka ba, sai dai hannunta da ke ta murza bakin gyale.

Salima ta ce, "Ke, bar zancen mota. Jirgi za ki hau."

"Jirgin Makka?"

"Irin shi, amma ƙarami. Daga Sakkwato yake tashi. In ya miƙe, awa ɗaya da rabi kina Ikko. In ya yada zango Kaduna, ki ƙara kamar awa guda."

Barakatu ta dube ta da kyau, ko wasa take yi. Tun tana amarya ta san Ikko da jerin garuruwa, kamar yadda mijinta ke lissafa su in ya dawo a gajiye: Maiyama, Koko, Yawuri, Kwantagora, gadar Jaba, Ilori, Badun. Ko wane suna da wahalarsa, wani rami, wani shingen 'yan sanda, wani 'yan fashi.

"Duk garuruwan nan fa?"

"Ta bisansu za ki wuce. Hanyar mota kwana-kwana take yi, tana neman gada, tana kauce wa dutse. Sama ba ta da kwana, ba rami, ba mai tsai da ku. Shi ya sa nisan ma ya ragu, ba gudun kaɗai ba."

"Ba rami," Barakatu ta maimaita a hankali. Ba zuwan take tunani ba, dawowar take tunani. Mutumin da ba zai iya kwana biyu a bayan mota ba, zai iya daure zaman da bai kai tsakanin azahar da la'asar ba.

"Amma kuɗi ne, Barakatu. Na zuwa, da na dawowar mutum biyu. Ni zan raka ki, dama kayana sun maƙale can, nawa tikitin ni zan biya. Naki fa?"

"Ina da shanu," in ji Barakatu.

Bijimai biyu ne, 'ya'yan saniyar da mahaifinta ya bar mata. Suna Giwa Tazo a hannun ƙanenta Hamidu, kuma da su yake huɗa. Ta hau mota zuwa Maiyama, ta ƙarasa ƙauyen, ta same shi a gona da garma a bayansu. Dawa ta kai gwiwa, rabin gonar ba a huɗe ba. Da ya ji abin da ya kawo ta, sai ya saki igiya.

"Yaya, yanzu? Tsakiyar aiki? Ki bari in gama wagga gonar mana. Kuma in an sai da su a gaggauce, mahauta za su saye su a wulaƙance."

"Na sani."

"Alhaji Ummaru ya yarda?"

"Ban tambaye shi ba. Ba nashi ba ne."

Hamidu ya ce sai dai a je gaban Inna. Mahaifiyarsu, Inna Gudiya, tana zaune a gindin darbejiya tana ɓarar gujiya, idonta ya yi rauni amma kunnenta garau. Ta saurari kowa. Sannan ta ce, "Hamidu, kakanka da fartanya ya noma gonar nan, bai mutu ba. Kwance mata abinta." Ta juya wajen Barakatu. "Ke kuma, abin nan da ke wucewa bisa kamar tsinke, shi za ki shiga?"

"Shi, Inna."

"Ba ki tsoro?"

"Ina ji. Cikina ma tun jiya bai karɓi abinci ba."

"To ci ki tafi."

Hamidu da kansa ya ja bijiman zuwa Maiyama, fuska a murtuke, ya yi ciniki kamar zai yi dambe. Da ya miƙa mata kuɗin bai dube ta ba. Ya ce kawai, "Ki sa a faɗa min ranar dawowa."

Hanyar Sakkwato daga Jega ta tsakiyar Aliero take bi. Ranar tafiya Salima ta zo da fijo ta haya, suka tsaya ƙofar gida don Barakatu ta ɗauki bargo da rigar mijinta. Labari ya riga ya iso. Alhaji Ummaru yana zaune a kan dakali, da maƙwabta biyu a gefensa, wasu kuma sun rage tafiya don su ji.

"Barakatu," ya kira ta. "An ce kin sai da shanu za ki hau jirgi."

Ta durƙusa kamar yadda ta saba. "Awo, Alhaji."

"Da iznin wa?"

"Wanda zan nemi izninshi shina kwance Ikko."

"In ba shi nan, ni ne. Mace ba ta tafiya mai nisa ba muharrami, kin sani. Kowa gudowa yake yi daga garin nan, ke kuma ki kwashi ƙafa ki faɗa ciki? In wani abu ya same ki, mi zan ce wa ƙanena? Mi zan ce wa mutane?"

"To tashi mu tafi, Alhaji. Ko ka ba ni ɗa guda cikin 'ya'yanka. Zan biya mashi."

Ɗaya daga maƙwabtan ya fara gyara hula.

Barakatu ta ci gaba, muryarta ba ta tashi ba. "Na san ka ce kwana biyu ne. Wagga hanyar ba kwana ba ce. In munka tashi bayan azahar, a Ikko zan yi la'asar, gaban mijina. Zuwa Giwa Tazo da ƙafa ya fi ta daɗewa, kuma na sha yin shi ni kaɗai, ba wanda ya tsai da ni. In akwai laifi, ni da Ubangijina, kuma zan tambayi malamai in na dawo. Amma ba zan zauna ina tankaɗe ƙafarshi tana ruɓewa ba."

"In kinka shiga motar nan, kada ki ƙara taka zauren nan."

Ta miƙe tsaye. Ta ɗan fi shi tsawo, abin da bai taɓa lura da shi ba. "In na kawo shi, shi zai faɗa min inda zan taka."

Ta shiga gida ta fito da ƙunshinta. Suka kama hanyar Sakkwato har suka wuce Tambuwal. Salima ta miƙa mata goro.

Jirgin ba kullum yake zuwa ba, kuma ranar ma ya makara. Da ya sauka, Barakatu ta ga mutane suna ta fitowa daga cikinsa, har da mata masu goyo da tsofaffi. Masu shiga kuwa ba su cika layi biyu ba. Aka nuna mata yadda ake ɗaura ɗamarar kujera. Da injin ya ɗauki ruri, ƙasa ta fara gudu ta baya, sai ta damƙe hannun Salima ta rufe ido tana salati. Kunnuwanta suka toshe.

"Buɗe ido ki gani," in ji Salima.

Ta buɗe. Gonaki sun koma kamar ƙyallaye da aka shanya, kore da ja. Can daga baya wani ruwa ya bayyana, fari, yana lanƙwasa. Salima ta ce Kwara ce. Barakatu ta tuna mijinta ya sha ba ta labarin yadda suke wuni a bakin gadar kogin nan suna jiran layi. Kafin ta gama tunanin, gajimare ya rufe shi. Aka kawo mata shayi a ɗan kofi, ba ta sha ba, ta riƙe shi har ya huce. Sai ta ji an ce a sake ɗaura ɗamara.

Ikko ta tarbe su da yayyafi da warin hayaƙi. Salima, wadda ke jin Yarbanci da Turancin kasuwa, ta samo mai tasi da ya yarda ya kai su. A hanya suka wuce ƙonannun tayoyi da sojoji a mararraba. Kasuwar kayan gwari kuwa kamar an share, sai tarin ruɓaɓɓen tumatir da ƙudaje.

Baba Tamu, wani tsoho ɗan Aliero da ya fi shekara talatin a kasuwar, ya fito daga rumfarsa ya tsaya yana kallonsu. "Matar Ya'ƙub? Ta ina?"

"Ta sama, Baba."

Ya'ƙub yana kwance a kan tabarma bayan buhuna. Ya rame, leɓɓansa sun bushe, jikinsa zafi kamar garwashi. Ƙafar ta kumbura ta yi biyu, tsumman da ke kai ya jiƙe. Baba Tamu ya ce wani mai kemis yana zuwa yi masa allura yana wanke ciwon, amma tun shekaranjiya bai zo ba. Ya'ƙub ya daɗe yana kallonta kafin ya yarda ita ce.

"Wa ya kawo ki?"

"Ni na kawo kaina. Sha ruwa."

"Yaya Ummaru ya sani?"

"Ya sani."

Ta dafa ruwa ta wanke ciwon, ta sake ɗaure katakon da sabon ƙyalle, ta sa masa rigar da ta zo da ita. Suka zauna a rumfar har ranar da jirgin Sakkwato zai tashi.

Filin jirgi a ranar ya fi kasuwar Jega cika. Duk wanda ya rasa mota kuma yana da hali, nan ya zo. Salima ta yi ta kutsawa tana faɗa da yare uku har ta fito da tikiti. Amma ta gargaɗe ta: "Tikiti ba kujera ba ne yau. An sayar fiye da wurin zama. In anka buɗe ƙofa, gudu ake yi, wanda ya riga hawa shi ya samu."

Suka nemi keken marasa lafiya, aka ce babu. Ya'ƙub yana zaune a ƙasa jingine da bango, zufa tana keto masa. Ya dubi filin da ke tsakaninsu da jirgin, ya ce, "Ku bar ni. Ba ni iyawa."

Barakatu ta kwance bargon, ta juya masa baya ta durƙusa. "Kama wuyana."

"Haba, Barakatu. Gaban mutane?"

"Ba wanda ya san ka nan. Kama."

Ta ja shi bayanta, ta ɗaure bargon a ƙirji kamar majanyi. Salima ta tallafi karyayyar ƙafar da hannu biyu. Da aka buɗe ƙofa mutane suka kwasa da gudu, masu jaka da masu kwat, suka bar su a baya. Barakatu ba ta iya gudu. Takawa take yi, tana jin numfashinsa a wuyanta, tana jin yadda yake cije haƙora. Ba ta tsaya ba.

Da suka isa gindin tsani, wani ma'aikaci ya sa hannu ya tare. Ya yi magana da sauri yana nuna ƙafar. Salima ta fassara: "Ya ce jirgi ya cika, kuma irin wanga sai an shirya mashi tun farko."

Barakatu ta ɗora ƙafa a kan matakalar farko, ta kama ƙarfen da hannu ɗaya. "Ki ce mashi na biya. Ki ce mashi ba ni sauke shi nan. In suna son janye tsanin, su janye da mu."

Salima ta faɗa, ta ƙara da nata. Mutumin ya ɗaga murya, ya kira wani. Barakatu ta hau mataki na biyu. Waɗanda suka rasa wuri suka fara gunaguni, jirgin yana ruri, iskarsa tana fizgar gyalenta. Ba ta dubi kowa ba, sai ƙofar da ke sama. Can wata ma'aikaciya ta leƙo daga ciki, ta kalle su, ta koma. Jim kaɗan wasu samari biyu suka sauko da jakunkunansu, 'yan makaranta ne da za su Gusau, suka ce a ba mara lafiya, za su jira na gaba. Kujera biyu ke nan. Salima ta taimaka aka zaunar da Ya'ƙub, aka miƙar da ƙafar a kan hanya, sannan ta dafa kafaɗar Barakatu.

"Ki gai da gida. Ni sai na kwaso kayana."

A sama Ya'ƙub ya yi barci, karo na farko cikin kwanaki. Barakatu ta riƙe katakon da hannu har suka sauka.

A Sakkwato suka tarar da Hamidu. Ba wanda ya aika masa, zuwa ya yi ya tare a bakin filin yana duba duk jirgin da ya sauka. Ya samo a-kori-kura da katifa a baya. Niyyarsu su wuce Aliero wurin masu ɗori, amma da ya ɗaga ƙyallen ya ji warin, sai ya ce wa direba asibiti. Likitoci suka yanke ruɓaɓɓen nama, suka yi ta fama da zazzaɓin. An yi zancen yanke ƙafar, daga baya aka fasa. Ƙashin ya haɗe, sai dai ƙafar ta gajarce, kuma Ya'ƙub bai ƙara bin mota zuwa kudu ba.

Alhaji Ummaru ya zo dubiya da ledar lemo. Ya zauna bakin gado ya riƙe hannun ƙanensa, idonsa ya kawo ruwa. Barakatu ta gaishe shi daga inda take zaune, ya yi kamar bai ji ba. Haka suka ci gaba bayan an koma gida. Ita tana gaisuwa kullum, shi yana kallon bango, har aka yi girbi. Hamidu kuwa da fartanya ya ƙarasa gonarsa, dawar da ya samu a shekarar ba ta kai ta bara ba, kuma bai taɓa tayar da zancen ba.

Wata safiya Ya'ƙub yana zaune a tsakar gida yana koyon taka ƙafar da sanda, Barakatu tana tsince irin albasa a faifai. Ya daɗe yana kallonta.

"Barakatu, da sun ƙi bari mu hau fa?"

Ba ta ɗago ba. "Da har yanzu ina tsaye bisa tsanin nan."

Ya yi dariya har sandar ta suɓuce ta faɗi. Ta miƙa ƙafa ta turo masa ita, ta ce ya tashi ya ƙara zagaye ɗaya kafin rana ta yi zafi.